Yadda Ake Gane Gilashin Leerdam da Maastricht na Shekarun 1950: Daga Cibiya Zuwa Sa Hannu

Idan aka ce Holan a Kantin Kwari, atamfa ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Kuma duk macen da ta san zani ba ta tsayawa ga rubutun da ke bakinsa kaɗai. Sai ta murza shi, ta duba ciki da baya, ta ga ko rinin ya ratsa, sannan daga ƙarshe ta waiwayi tambari. Da irin wannan idon ake sayen wani abin da ƙasar Holan ta yi fice a kansa, wanda labarinsa bai cika zuwa kunnenmu ba, wato gilashin ado da aka busa a garuruwan Leerdam da Maastricht daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa wajajen 1970. Tulunan furanni ne da kwanuka da farantai masu kauri, wasu garau kamar ruwan rijiya, wasu da launi kwance a cikinsu kamar an zuba shi jiya.

Wannan jagora na wanda ke ratsa shagunan gwanjo a Turai ne, da mai bin gwanjon intanet, da ɗalibin zane da ke son sanin yadda ake karanta abu da hannu. Tsarin da na bi yana da dalili: sa hannu ya zo kusan ƙarshe, domin shi ne shaidar da ta fi sauƙin ƙirƙira.

Mataki na farko: san gidajen biyu

Leerdam ƙaramin gari ne a bakin kogin Linge. Tun 1765 ake busa kwalabe a wurin, amma masana'antar da ta fitar da sunan garin, mai yin kofuna da kayan tebur, a 1878 aka kafa ta. Abin da ya sauya mata alƙibla shi ne zuwan P.M. Cochius kujerar darakta a 1912. Mutumin ya yi imanin cewa kyakkyawan kaya ba na attajirai kaɗai ba ne, ya kamata kofin da leburan gari ke shan ruwa da shi ma ya zama an yi tunani kafin a ƙera shi. Saboda haka ya gayyato masu zanen gine-gine irin su K.P.C. de Bazel da H.P. Berlage, da masu fasaha irin su Chris Lebeau da Chris Lanooy, su riƙa zana wa masana'antar kaya. A 1953 aka ba ta lambar sarauta, daga nan ake kiranta Royal Leerdam. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gidan tarihin gilashi na ƙasa, Nationaal Glasmuseum, a tsohon gidan Cochius.

Maastricht kuwa tana can kudu, dab da iyakar Beljiyam. Masana'antarta, Kristalunie, ta samu ne a 1925 bayan an haɗe sashen gilashi na kamfanin De Sphinx da na Stella. Ita ce kishiyar Leerdam, kuma kusancinta da Beljiyam da Faransa ya fito a jikin kayanta: sun fi nauyi, sun fi ƙyalli, sun fi son nuna kai.

Riƙe wannan bambanci a ranka. Leerdam tana da kunya da kamun kai, Maastricht tana da fara'a.

Mataki na biyu: san mutanen, ka koyi hannun kowa

A nan ya kamata ka daɗe, domin wanda ya san hannun mai zane yakan gane aikinsa tun daga nesa, kamar yadda ake gane ɗinkin gwanin tela kafin a tambayi shagonsa.

Uban tafiyar shi ne Andries Dirk Copier, wanda aka haifa a Leerdam a 1901 ya rasu a 1991. Yana ɗan shekara 13 ya shiga masana'antar a 1914, bai bar ta ba sai 1971. Cochius ne ya hango basirarsa ya tura shi karatu. Aikinsa da ya fi shiga gidaje shi ne kofin nan mai ƙafa da ake kira Gilde, wanda ya zana a 1930 tare da ƙungiyar masu fataucin ruwan inabi ta ƙasar, har yau kuma ana yin sa. Kafin yaƙi, Copier na son siffofi tsayayyu: dunƙule kamar ƙwallo, miƙaƙƙe kamar turmi, ba ƙawa ba ƙari. Bayan yaƙi hannunsa ya saki, gilashin ya ƙara kauri, launi ya koma can ciki ƙarƙashin farin gilashi garau. A 1940 aka buɗe makarantar koyon aikin gilashi a Leerdam ƙarƙashin jagorancinsa, kuma a nan ne mutane ukun da za mu ambata nan gaba, Meydam da Valkema da Heesen, suka haɗu.

A ganina, idan ana maganar tsakiyar ƙarni na 20 zalla, Floris Meydam ne mai wurin. Shi ma ɗan Leerdam ne, an haife shi a 1919 ya rasu a 2011. Ya fara aiki a masana'antar a 1935, ya zama cikakken mai zane a 1949, ya ci gaba har 1986. Alamar hannunsa ita ce tsabta. Zai ɗauki launi ɗaya ko biyu, shuɗi ko kore ko ja mai duhu, ya kulle shi a cikin farin gilashi mai kauri, ya bar haske ya yi sauran aikin. Yakan matse jikin tulu ya zama falale, ko ya sa a yanke gefe ɗaya a goge shi sumul, ta yadda idan ka juya abin a hannu launin cikin zai yi kamar yana motsi. Babu fure, babu tsuntsu, babu zanen da aka ɗora daga waje. Wanda bai saba ba zai ce ai ba a yi komai ba. To gwada ka samu baki mai daidaito haka da launi da bai karkace ba a cikin narkakken gilashi, sannan ka san an yi aiki.

Sybren Valkema, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 1996, malami ne kafin komai. Ya fara koyarwa a makarantar Leerdam a 1943, ya kuma koyar a makarantar fasaha ta Amsterdam da daga baya aka sa wa suna Gerrit Rietveld Academie. Kayan da ya zana wa Leerdam ba su kai na Meydam yawa ba, kuma sun fi kama da sassaƙa fiye da mazubin fure. Muhimmancinsa ya wuce masana'anta. A 1964 ya haɗu da Ba'amurke Harvey Littleton, wanda ya nuna cewa mai fasaha zai iya gina ɗan ƙaramin tanderu ya busa gilashinsa da kansa. Valkema ya dawo gida ya gina irin wannan tanderun a makarantarsa a tsakiyar shekarun 1960, ya raɗa wa tafiyar suna Vrij Glas, ma'ana gilashi mai 'yanci. Daga nan zamanin da muke magana a kai ya fara rufewa, domin mai zane ya daina dogaro da masana'anta.

Willem Heesen, 1925 zuwa 2007, ɗalibin makarantar Leerdam ne da ya zama mai zane a gidan. Ya fi sauran son launuka masu gauraya da yanayin ruwa da ciyayi na ƙasarsu. A 1977 ya buɗe wurin aikinsa, De Oude Horn, a wani tsohon gidan injin janye ruwa da ke Acquoy kusa da Leerdam, inda shi kansa Copier ya je ya yi aiki bayan ya yi ritaya.

A Maastricht sunan da za ka riƙe shi ne Max Verboeket, wanda ya zama mai zanen Kristalunie a shekarun 1950. Nasa salon ba ya ɓuya: farin kiristal mai nauyi, wato gilashi mai darma a haɗinsa, da aka ja bakinsa yana da zafi har ya fitar da kunnuwa ko fukafukai, da jirwayen launi siri-siri suna hawa daga gindi zuwa sama. Kafin shi, W.J. Rozendaal ne ya yi wa gidan zane a wajajen 1930, kuma kada ka haɗa aikinsu, zamaninsu daban.

Wani abu da nake so ka sa a zuciya: waɗannan mutane galibi ba su ne ke busa gilashin ba. Mai zane yana tsaye a gefen tanderu da alli ko takarda, yana cewa ƙara nan, tsaya haka, juya. Mai busa, wanda ya shafe shekaru yana shan zafin wuta, shi ke riƙe da bututun ƙarfe, da mataimaka biyu ko uku. Sunan da ke gindin tulu na mutum ɗaya ne, amma hannuwan da suka yi shi sun fi haka.

Mataki na uku: rarrabe aji uku

Kayan Leerdam sun kasu uku, kuma kuɗinsu ya bi wannan rabon.

Unica shi ne guda ɗaya tilo, babu na biyunsa. An fara yin sa tun shekarun 1920, a matsayin filin gwaji inda mai zane da mai busa ke jarraba sabuwar dabara. Serica, wanda ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1920, siffa ce da aka zaɓa aka maimaita da hannu cikin adadi taƙaitacce, kowace siffa da lambarta. Na uku shi ne kayan yau da kullum, kofuna da tuluna da kwanuka da aka yi da yawa don kasuwa.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar Unica tukuna. Fara da Serica ko kyawawan kayan kasuwa na Meydam da Copier. Da su za ka horar da ido ba tare da ka yi asarar da za ta dame ka ba idan ka yi kuskure. Sannan ka sani, ganin an rubuta Royal Leerdam a kwali ba ya nufin tsohon kaya ne. Kamfanin Libbey na Amurka ya sayi sashen kayan tebur a 2002, kuma kofunan inji masu wannan suna cike suke a kantunan Turai. Kofuna ne masu kyau na shan ruwa, amma ba su muke nema ba.

Mataki na huɗu: ɗauke shi, ka kai shi gaban haske

Kafin ka kifa shi ka nemi rubutu, ɗauke shi da hannu biyu. Ji nauyinsa. Kiristal yana da darma a cikin haɗinsa, shi ya sa yake da nauyi fiye da yadda ido ke zato, yake kuma karya haske da kyau. Dokar Turai ta 1969 ta ce sai sinadarin darma ya kai kashi 24 cikin 100 kafin a kira abu kiristal mai darma. Idan bakin ba mai kauri ba ne, ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa zai yi gum.

Sai ka nufi taga, ko ka haska tocilar waya daga baya. Abin da kake nema shi ne yadda aka shimfiɗa gilashin hawa-hawa. Mai busa yakan ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu, ya naɗa masa launi, ya sake tsoma shi cikin fari, wani lokaci sau biyu ko uku. A aikin ƙwarai iyakar da ke tsakanin launi da fari tana fita tsaf, kuma launin yana cikin naman gilashin. Idan ka ga launi yana ɓarewa ko ya koɗe a inda hannu ke taɓawa, fenti ne aka shafa daga waje, ajiye shi.

Akwai dabaru biyu na Leerdam da ya kamata ka iya ganewa. Ta farko ita ce fatar kuza mai tsattsagewa. Ana shafa wa gilashi mai zafi sinadarin kuza ya yi masa siririyar fata, sai a ci gaba da busawa. Gilashin na faɗaɗa, fatar ba ta iya bin sa, sai ta tsattsage kamar taɓon fadama da rani. Copier ya yi amfani da ita sosai a Unica. Ta biyu ita ce ƙwayoyin iska masu layi. Ana danna gilashi mai zafi cikin wani mazubi mai ƙusoshi, ƙusoshin su bar ƙananan ramuka, sai a lulluɓe da wani farin gilashin, iska ta maƙale a kowane rami. Idan ƙwayoyin sun jeru reras kuma girmansu na sauyawa a hankali daidai da faɗin tulun, da gangan aka yi. Ƙwaya ɗaya ko biyu da suka ɓata hanya kuwa ba aibi ba ne a aikin hannu.

Game da launi: daga ma'adinan da aka sa a haɗin yake fitowa, shuɗi mai zurfi daga kobal yake, kore daga ƙarfe ko kuromiyam, shunayya daga manganis. Akwai wani kore mai ɗaukar ido da aka yi da yuraniyam, wanda ke walƙiya idan an haska masa tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita. A kayan Leerdam wannan koren ya fi yawa kafin yaƙi, don haka ganinsa alama ce cewa mai yiwuwa abin ya girmi shekarun 1950.

Duba jiki ko akwai layin haɗi daga sama zuwa ƙasa. Abin da aka matsa da inji ko aka busa cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu yana barin wannan layin. Wanda aka busa a sake, ko aka juya cikin jiƙaƙƙen mazubin itace, ba ya bari.

Mataki na biyar: kifa shi, ka duba cibiya

Idan an gama busa jikin tulu, sai a manna wani sandan ƙarfe a gindinsa, a cire shi daga bututu don a gyara baki. Da an kammala sai a ɓalle sandan, ya bar tabo. Wannan tabon ni cibiya nake kiransa, domin nan ne aka yanke shi daga inda ya fito. A kyawawan kayan Leerdam da Maastricht ba a barin cibiya da kaifi. Ko dai a goge ta ta zama ɗan rami mai santsi kamar cikin cokali, ko a goge gindin gaba ɗaya ya zama shafal yana ƙyalli. Gindi mai gautsi ko mai duhun gugar da ba a ƙarasa ba yana nuna gaggawa, kuma gaggawa ba halin gidajen nan ba ne.

Yanzu duba inda gindin ke taɓa tebur. Abin da ya shekara sittin ko saba'in ana ɗauka ana ajiyewa dole ya samu ƙananan karce, kuma karcen gaskiya ba shi da alƙibla: wani gajere, wani dogo, wani a karkace. Idan karcen duk sun bi hanya ɗaya ko sun zagaya daidai wa daida, an goga shi ne a kan takardar yashi ko siminti don ya yi kama da tsoho. Gindi fes ba karce ko ɗaya ba hujja ce ta jabu ba, wataƙila a kabad ya yi rayuwarsa, amma dalili ne na ƙara tambaya.

Mataki na shida: yanzu ka karanta sa hannu

Sai a nan. Kana buƙatar madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu sayen zinariya.

Alamomin iri uku ne. Akwai hatimin da aka ciza da asid, wanda ke fita dusu-dusu kamar hazo a kan gilashi, sau da yawa ƙarami ƙwarai har sai ka karkata gindin ga haske. A kayan Copier na kasuwa za ka ga haruffan C da L a haɗe. Akwai rubutun hannu da aka karta da tsinin lu'ulu'u, wanda shi ake yi wa Unica: kalmomin Leerdam Unica, sunan mai zane, da wasu haruffa haɗe da lamba. Haruffan nan ba ado ba ne, da su masana ke gano shekarar da aka yi abin. Kwafe su daidai yadda suke, ka gwada da abin da gidan tarihin Leerdam ya ajiye, domin sun sa hotunan tarinsu a intanet. Kayan Verboeket da yawa suna ɗauke da sunansa da kalmar Maastricht a gindi. Na uku shi ne 'yar takardar da aka manna, wadda galibi wanki ya daɗe da cire ta. Saboda haka rashin alama ba ya kore asali. Kayan kasuwa da yawa na gaske ba su da komai a gindi.

Ga gwajin da ya fi amfani. Sa madubin a inda rubutu ya haɗu da karcen tsufa. Idan karcen ya bi ta kan rubutun, rubutun ya riga shi zuwa. Idan rubutun ne ya yanke karcen, sabo fil da kaifin baki, to daga baya aka ƙara shi. Rubutun da aka yi da ɗan injin karta na zamani yakan fito da ɗige-ɗige da kauri, na tsinin lu'ulu'u kuwa siriri ne kamar gashi.

Sannan ka tambayi kanka: abin da ido da hannu suka gaya mini a matakan baya ya yi daidai da sunan nan? Tulu mai kunnuwa da jirwaye da aka rubuta wa Meydam, ko mai layin inji da aka rubuta wa Unica, ya riga ya tona kansa. Idan jiki da suna suka saɓa, jiki za ka gaskata.

Mataki na bakwai: kada maƙwabta su ruɗe ka

A shekarun nan kowa na kallon kowa. Murano ta Italiya ma tana kulle launi cikin fari, amma takan tara launuka masu ƙarfi biyu ko uku, ja da rawaya da shuɗi a abu ɗaya. Kayan Orrefors da Kosta na Suwidin, da na Iittala da Nuutajärvi na Finlan, su suka fi kama da na Meydam, kuma a nan ne ƙwararru ma ke tsayawa su auna. Na Verboeket kuwa ana yawan rikita shi da na Val Saint Lambert ta Beljiyam. Maganin wannan ɗaya ne: ma'auni. Auna tsawo da faɗi da santimita, ka nemi siffar a tsofaffin kundayen masana'anta ko hotunan gidan tarihi. Kalmar dillali cewa “irin na Leerdam ne” ba ta wuce ra'ayinsa ba.

Mataki na takwas: nemi aibi kafin ka yi tayi

Zagaya baki da ɗan yatsa a hankali, yatsa na jin ɓantarewar da ido bai gani ba. Idan bakin ya yi kaifi ko faɗi fiye da yadda siffar ke buƙata, ko tsawon ya gaza na kundi da rabin santimita ko fiye, mai yiwuwa ya taɓa ɓantarewa aka yanke aka goge. Gyaran ba laifi ba ne, amma dole ya sauke kuɗi. Tocilar duba kuɗi tana tona gam, domin yawancin gam na haske daban da gilashi.

Babban abin tsoro shi ne hazo a ciki. Iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai farin gishirin da ruwa ya bari, wanda ruwan khal ke narkarwa. Akwai kuma wanda ruwan ya daɗe a ciki har ya ci fuskar gilashin kanta, wannan ba ya wankuwa, sai dai ƙwararre ya goge cikin, kuma a tulu mai ƙaramin baki da wuya hakan ya yiwu. Dukansu suna ɓacewa idan gilashin ya jiƙe su dawo idan ya bushe. Don haka kada ka sayi tulun da aka nuna maka da ruwa ko fure a ciki, ko wanda cikinsa ke da maiƙo, domin ana shafa mai a ɓoye hazo. Ce a kawo shi a bushe.

Mataki na tara: inda ake samu, da yadda ake tayi

A Holan, shagunan gwanjo da suke kira kringloop su ne makarantar farko, sai kasuwar ranar Sarki, 27 ga Afrilu, lokacin da kowa ke baza tsofaffin kayan gidansa a bakin titi. A intanet akwai Marktplaats da Catawiki, dukansu na ƙasar ne. Idan daga nesa kake saye, nemi hoto huɗu aƙalla: gaba ɗaya a gaban haske, baki daga sama, gindi gaba ɗaya, da sa hannu dab da dab. Nemi tsawo da nauyi. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wajen sanin daraja, dubi kuɗin da aka sayar da irinsa a gwanjon baya, ba kuɗin da wani ya rubuta yana jira ba. Ka lissafa da ladan gidan gwanjo da kuɗin aikowa kafin ka ɗaga hannu.

Idan ƙafarka ta kai ƙasar, ware yini guda ka hau jirgin ƙasan da ke bi tsakanin Dordrecht da Geldermalsen ka sauka a Leerdam. Bayan gidan tarihin, akwai wurin busa gilashi a cikin gari inda ake zama a kalli masu aiki. Rabin awa a gaban tanderun nan, kana ganin yadda ake juya bututu ba tsayawa don kada narkakken gilashi ya zube, zai fassara maka duk abin da na faɗa game da cibiya da hawa-hawan launi.

Mataki na goma: kai shi gida, ka riƙe shi da kyau

Naɗe shi da takarda mai laushi, sannan ledar nan mai ƙwayoyin iska, ka sa a kwali, ka sa kwalin cikin wani kwalin da ya fi shi, da abin cikawa kamar santimita 5 ta kowane gefe. Girgiza, idan ka ji motsi ka sake. A jirgi, jakar hannu ce wurinsa.

Idan ya iso daga sanyi zuwa zafi, bar shi cikin kwalinsa wasu awoyi kafin ka buɗe. Gilashi mai kauri ba ya son sauyin zafi farat ɗaya, domin waje na faɗaɗa kafin ciki ya ji, sai ya tsage. Saboda wannan dalilin ne ba a wanke shi da ruwan zafi ko na firji, sai mai ɗumi kaɗan, a cikin robar da aka shimfiɗa wa tawul, da ɗigon sabulun ruwa. Cire zobe kafin ka fara. Injin wanke kwanuka kuwa kada ma ya kusance shi.

Ga wanda zai ajiye shi a ƙasashenmu, abu uku ne. Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, idan ka goge ta da busasshen tsumma kai da kanka kake karce gilashin, don haka ɗauraye ta da ruwa tukuna. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana barin farin gishiri, saboda haka ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan da aka tace, ka tsane cikin da tsumma mai laushi nan take. Rana kuma: dunƙulen gilashi mai kauri yana tattara haske wuri ɗaya har ya ƙona labule ko katako, don haka nesa da tagar da rana ke bugawa kai tsaye. Kabad mai ƙofar gilashi da fitilar da ba ta zafi ya fi ko'ina.

Idan kana son sa fure, saka ƙaramar kwalba a ciki ta riƙe ruwan, ko ka sauya ruwan kullum ka busar da tulun da zarar furen ya yi yaushi. Kada ka ajiye lemo, zoɓo ko wani abu mai tsami ya kwana cikin butar kiristal, domin tsami na jawo darma daga jikinta zuwa abin sha.

Sai ka samu ɗan littafi ka rubuta wa kowane guda shafinsa: ranar saye, wurin saye, kuɗi, tsawo da faɗi da nauyi, haruffa da lambar da ke gindi harafi bayan harafi, da duk aibin da ka gani a ranar. Haɗa da hoton gindin, ka ajiye rasit a shafin.